Waƙoƙin koral masu murya huɗu na Bach

Waƙoƙin koral masu murya huɗu na Bach tsofaffin waƙoƙin cocin ɗarikar Luther ne da mawaƙin Jamus Johann Sebastian Bach (1685–1750) ya sake tsarawa domin ƙungiyar mawaƙa mai muryoyi huɗu: soprano, alto, tenor da bas, tsarin da ake taƙaitawa da SATB. Yawancin karin waƙoƙin ba nasa ba ne. Aikinsa shi ne ƙirƙiro muryoyi uku da ke rakiyar karin.

Tarihi

A farkon zamanin Martin Luther, muryar tenor ce ke ɗauke da karin waƙa, kamar yadda yake a littafin Johann Walter na shekarar 1524. A shekarar 1586 Lucas Osiander ya wallafa waƙoƙi 50 inda ya mayar da karin zuwa murya mafi sama, domin jama'ar coci su ji shi sosai su bi. Wannan salo Bach ya gada. Daga shekarar 1723 ya zama shugaban waƙa a cocin Saint Thomas da ke Leipzig, kuma yakan rufe yawancin kantatocinsa da irin wannan waƙa. A zamaninsa yara maza ne ke rera muryoyin sama. A yau mata ne suka fi rera su.

Tsari

Soprano tana riƙe da karin da kowa ya sani. Bas ita ce ginshiƙi, domin ita ke nuna inda jituwar muryoyi ta dosa. Alto da tenor suna cike tsakiya, amma Bach ba ya barin su a matsayin ciko kawai: kowace tana da layinta da za a iya rerawa shi kaɗai. Yakan kuma zaɓi jituwar da ta dace da ma'anar kalmomin baitin.

Misali

Karin da Hans Leo Hassler ya wallafa a 1601 a matsayin waƙar soyayya ya shiga coci daga baya. Bach ya yi amfani da shi sau biyar a cikin St Matthew Passion. A karo na ƙarshe, inda labarin ya kai ga mutuwar Yesu, ya sauke shi ƙasa, ya kuma sauya muryoyin rakiya har waƙar ta ƙare ba tare da cikakkiyar natsuwa ba.

Tasiri

Bayan rasuwarsa, ɗansa Carl Philipp Emanuel Bach ya kula da wallafa tarin waƙoƙi 371 a kamfanin Breitkopf tsakanin 1784 da 1787. Har yanzu ɗaliban kiɗa suna koyon tsara muryoyi huɗu daga wannan tari.