Jarumta ba Silsila: Abin da Dambe da Kokawar Ƙasar Gwandu za su Koya daga Japan

Ƙasar Gwandu ta fito daga ƙarni na 19 da gado biyu, na alƙalami da na makami. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar jama'ar Shehu a Tafkin Kwatto a 1804, shi ne kuma ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Har gobe almajiri na iya faɗin wanda ya ba shi ijaza, da wanda ya ba malaminsa. Amma harbi da baka, da sukan mashi, da sara a kan doki, da wuya a sami wanda zai jero malamansa a kansu. Hujjar wannan maƙala ita ce, fasahar jiki ba ta rayuwa da jarumta kaɗai. Sai an tsare mata silsila da manhaja, kuma Japan shaida ce.

Mayaƙan samurai na Japan sun tsara iliminsu gida-gida, kowace makaranta da wanda ya assasa ta da jerin magadansa. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa ita ce Katori Shinto-ryu, wadda Iizasa Ienao ya kafa a ƙarni na 15, kuma lardin Chiba ya sanya ta cikin kayan gadonsa a 1960. A al'adarta, sabon ɗalibi yakan yi rantsuwa da ɗigon jininsa kafin a fara koya masa. Ana koyar da motsi a jere, mutum biyu suna maimaita kai hari da karewa har jiki ya haddace. Wanda ya kammala a irin waɗannan makarantu akan ba shi naɗaɗɗiyar takarda mai ɗauke da sunayen dabaru da na malamai. Malamin zaure zai gane wannan takarda nan take, domin aikin ijaza take yi.

Jarrabawar wannan tsari ta zo ne bayan juyin Meiji na 1868. A 1876 gwamnati ta hana samurai yawo da takobi, sana'ar yaƙi ta mutu. Duk da haka ilimin bai bi ta ba. Jigoro Kano ya yi karatu a makarantu biyu, Tenjin Shin'yo-ryu da Kito-ryu, sannan ya kafa makarantar Kodokan a 1882. Ya tace dabarun, ya ware masu haɗari zuwa darasin maimaitawa, ya bar waɗanda za a iya gwadawa da cikakken ƙarfi ba tare da an nakasa juna ba. Daga nan judo ta fito, har ta shiga gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964. Abin lura shi ne, Kodokan ba ta ɗauka cewa gasa ta wadatar wajen kare kai ba. A 1956 ta fitar da darasi na daban mai dabaru 21, wanda ya ƙunshi fuskantar mai wuƙa da mai sanda da mai ƙaramar bindiga.

A namu ɓangaren, bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, doki da takobi sun koma kayan hawan salla. Abin da ya ci gaba da gwada ƙarfin samari shi ne dambe da kokawa. Dambe na da asali a gidajen mahauta, waɗanda a da suke yawo gari-gari da kaka, bayan an kawar da amfanin gona. Yana da ƙa'ida: hannu ɗaya a naɗe da zare don kai naushi, ɗayan a buɗe don karewa, turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Yana da ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada. Yana ma da taskar tarihi, domin waƙoƙin makaɗi Ɗan Anace ne suka raya sunan ɗan dambe Shago. Sai dai makaɗi yana adana wanda ya yi kisa ne, ba yadda ya kafa ƙafa ko ya goce ba. Yaro na koyo ta kallon ubangidansa, kuma idan tsohon ɗan dambe ya rasu, dabarunsa sukan bi shi kabari.

Za a iya cewa rubutu na daskarar da fasaha. Akwai gaskiya a nan: wasu makarantun Japan sun zama wuraren adana motsin da babu mai gwada shi da abokin karawa na gaske, alhali ɗan damben da ya shiga fage ya san zafin naushi. Wannan fifiko ne da bai kamata mu zubar ba. Amma fage na da alƙali da makaɗa da abokin karawa guda. Mai tare hanya ba ya bin turmi. Koyar da kare kai na buƙatar abin da fage ba ya bayarwa: kuɓuta daga riƙo, faɗuwa ba tare da karaya ba, gane haɗari tun daga nesa, da sanin lokacin da gudu ya fi tsayawa. Wajibi ne kuma malami ya faɗa wa ɗalibansa cewa babu damtse ko laya da ke tare harsashi, domin ƙaryar da ta shafi wannan, rai take ci.

Kayan aikin suna kusa. Bikin Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun bil'adama a 2016, na tara 'yan kokawa da 'yan dambe. A Nijar, gasar kokawa ta ƙasa da ake ba zakaranta takobi tana gudana tun 1975. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013, na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Aikin da ya rage shi ne masu bincike su zauna da sarakunan fawa da tsofaffin 'yan wasa na Gwandu da Kalgo, su ɗauki kowace dabara a bidiyo da sunanta na gida, su rubuta wa ya koya wa wa. Daga nan ne za a iya tsara darasin kare kai na makarantu, na maza da na mata, a kuma ba wanda ya ƙware shaidar koyarwa. Tsofaffin da ke riƙe da wannan ilimi kullum raguwa suke yi, don haka da su ya kamata a fara.