Shehu Shagari, Malamin Makaranta

A zamanin Turawa, yaron Sabon Birni ko na Isa in ya gama elementare yana son ya ci gaba, sai ya ɗauki hanyar Sakkwato, gama can ne Midil ta lardi take. Tafiya ce mai nisa, har Maraɗi ta ƙasar Faransi ta fi kusa da Sabon Birni. Iyaye da yawa kuwa ba su yarda da boko ba, suna ganin raba ɗa da gona ne da allo.

A wannan Midil ne Malam Shehu Shagari ya yi karatu. An haife shi a garin Shagari cikin 1925, ya yi elementare a Yabo, ya gama Kwalejin Kaduna a 1944, sa'an nan ya komo Sakkwato yana koyad da kimiyya. Da ya ga yara sun fi riƙe abin da aka rera musu, sai ya tsara Waƙar Nijeriya don su san ƙasarsu. A 1951 aka ba shi shugabancin makarantar Argungu, a 1953 kuma ya zama malami mai zagayen duba makarantun Lardin Sakkwato, lardin da ƙasar Gobir ke ciki.

Siyasa ta ɗauke shi zuwa Ikko a 1954, har ya yi minista. Da soja suka kifad da gwamnati a 1966, sai ya komo gida.

To, a nan ne halin mutumin ya fito. Wani da ya ɗanɗani mulki, da zama zai yi yana zulumi. Shi kuwa a 1967 ya karɓi sakataren asusun raya ilmi na Lardin Sakkwato, aikin roƙo ne tsantsa. Aka bi sarakuna da attajirai da talakawa, kowa ya ba da abin da ya iya, aka gina makarantu da kuɗin jama'a ba a jira baitulmali ba. Daga nan Gwamna Usman Faruk ya sa shi cikin majalisar Jihar Arewa maso Yamma, ya riƙe ma'aikatar ilmi kafin Janar Gowon ya kira shi Ikko a 1970.

Ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba, 2018, aka binne shi a garin Shagari.