Giya ta biyar a kan titin Kore Mairuwa

Motar haya a ƙasar Arewa, yankin Dogondutsi a Nijar, hanya biyu take bi. Akwai kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso, Kore Mairuwa da Dogondutsi ta nufi Birnin Ƙonni, akwai kuma yashin Dallol Mauri da ke jiran duk wanda ya sauka daga titi ya yi wajen ƙauyukan Tibiri ran kasuwa. Kwalta gudu take so, yashi kuwa ƙarfi. Aikin tsofaffin makanikai na wannan yanki shi ne su sa mota ɗaya ta gamsar da su duka.

Peugeot ce makarantarsu. 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo ta a 1968, kuma daga 1975 masana'antar PAN ta Kaduna ta shiga harhaɗa motocin kamfanin, kayan gyara suka yi ta tsallako iyaka. Wasu motocin ta hamada suka zo: Turawa kan tuƙo tsofaffin 504 ta Tamanraset da Arlit zuwa Agadas su sayar, har rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar suka toshe hanyar a farkon shekarun 1990.

Akasarin waɗannan motoci giya huɗu gare su, ta huɗun kuma kai tsaye take: inji ya juya sau ɗaya, sandar da ke kai ƙarfi baya ta juya sau ɗaya. A doguwar kwalta sai injin ya yi ta kuka, mai na tafiya, ruwa na zafi. Abin mamaki, 203 da 403 da suka girme su suna da giyar da ke sa sandar ta fi inji saurin juyawa, kamfanin ne ya ajiye dabarar da ya zo kan 404.

Da 505 ta bayyana a 1979, giyabos mai biyar ya fara samuwa a kasuwar kayan gwanjo, makanikai suka ga abin yi. Lissafin ba wuya: idan giya ta biyar 0.8 ce, injin da ke juyi 3,000 a minti zai sauko 2,400, gudun bai ragu ba. Dashen ne aikin. Mai biyar ya fi tsawo, dole a samo gajeriyar sanda da bututunta. Motar da giyarta ke jikin sitiyari kuma sai an huda mata ƙasa an fito da hannun giya tsakanin kujeru, fasinja na biyu da ake cusawa a gaba ya koyi ɗage gwiwa.

Gwanin gaske ba ya tsayawa nan, sai ya kwance aksil na baya ya ƙirga haƙora da ɗan yatsa, yaron gareji na riƙe masa tocila. Ƙaramin mai 9, babban mai 35, ya ba da kusan 3.9, daidai da mota mara nauyi. Ta lodi kuwa, a-kori-kura mai ɗaukar buhunan gero da wake, aksil mai lamba sama da haka take buƙata don ta iya tashi cikin yashi. Wanda ya haɗa aksil na gudu da giya ta biyar a motar lodi ya cuci mai ita: ko ɗan hawa ta tarar sai direba ya koma ta huɗu, kuloci ya ci wuya. Haɗin da ya fi dacewa da Arewa shi ne aksil na ƙarfi da giya biyar. Allurar gudu takan yi ƙarya bayan an sauya aksil, amma wa ke dubanta?

Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta tsauwala kuɗin sabbin kayan gyara, sai aka ƙara dogara da na gwanjo. Daga baya Toyota Hiace ta shigo ta Kwatano da Gaya da giyarta biyar tun daga masana'anta, ta karɓe tasha. Kaduna ta daina haɗa 504 a 2006. Waɗanda suka saura a hanyoyin kasuwa yawancinsu haɗe-haɗe ne, inji daga wata, giyabos daga wata, shi ya sa mai saye mai wayo kan leƙa ƙarƙashin mota kafin ya tambayi kuɗi.