Ƙasar Turkiyya: Abin Da Ya Kamata Mai Niyyar Zuwa Ya Sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 'Yan'uwa da yawa suna zuwa Turkiyya domin fatauci, ko karatu, ko neman lafiya, ko ziyarar wuraren tarihin Musulunci. Mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, amma dokokinta da al'adunta sun bambanta da namu. Wanda ya tafi babu shiri yana iya yin asarar dukiyarsa, wani lokaci ma har a tsare shi.

Ƙasar da mutanenta

Turkiyya tana tsakanin nahiyoyi biyu. Mafi yawan ƙasarta tana Asiya, ɗan yanki kaɗan ne yake Turai. Tana iyaka da ƙasashe 8: Girka, Bulgeriya, Jojiya, Armeniya, Azarbaijan, Iran, Iraƙi da Siriya. An raba ta zuwa larduna 81, kuma mutanenta sun kai kimanin miliyan 85. Babban birninta shi ne Ankara, amma Istanbul ya fi kowane birni girma, mazaunansa sun haura miliyan 15. Harshen hukuma Turkanci ne, akwai kuma miliyoyin masu jin Kurdanci. Kuɗin ƙasar shi ne lira. Agogonsu yana gaba da na Nijar, Nijeriya, Kamaru da Chadi da awa 2, yana gaba da na Ghana da awa 3.

Taƙaitaccen tarihi

Daular Usmaniyya ta kafu wajen shekarar 1299. Sarki Muhammad Alfatih ya ci birnin Kusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, a 1453. Alaƙar daular da yankinmu ta daɗe, domin Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu ga Sarki Murad na Uku a ƙarni na 16. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, Mustafa Kamal Ataturk ya kafa jamhuriya ranar 29 ga Oktoba 1923. An soke halifanci a 1924, sannan aka bar rubutun Larabci aka koma haruffan boko a 1928. Tsarin mulkin ƙasar ba ruwansa da addini har yau. Saboda haka Juma'a ranar aiki ce, hutun mako kuwa Asabar da Lahadi ne.

Takardun tafiya

Mutanen ƙasashenmu suna buƙatar biza. Turkiyya tana da ofisoshin jakadanci a Yamai, Abuja, Akra, Yawunde da Injamena, kuma daga wurinsu ake samun sahihin bayani, domin sharuɗɗa sukan canza. Doka ta ce fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla kwana 60 bayan ƙarewar wa'adin zama, amma ya fi kyau a tafi da wanda yake da sauran wata 6 ko fiye. A tanadi tikitin dawowa, shaidar masauki, inshorar lafiya da shaidar kuɗin guzuri.

Bizar ziyara ba ta halatta yin aiki. Wanda ya wuce wa'adinsa zai biya tara, kuma ana iya hana shi shiga ƙasar na wani lokaci. A yi hattara da dillalan da suke karɓar kuɗi da alkawarin aiki ko na tsallaka mutum zuwa Turai ta teku. Rayuka da yawa sun salwanta a tekun da ke tsakanin Turkiyya da Girka, kuma Musulmi ba ya jefa kansa cikin halaka. Ɗalibai su sani cewa tallafin karatu na gwamnati, wato Türkiye Bursları, ta intanet ake nemansa a farkon shekara, kuma ba a biyan ko sisi.

Yanayi da zirga-zirga

Hunturunsu daga Disamba zuwa Fabrairu ne, kuma ya fi sanyin da muka saba nesa ba kusa ba. Ƙanƙara tana sauka a Ankara da gabashin ƙasar, wani lokaci har Istanbul. Watannin Afrilu, Mayu, Satumba da Oktoba sun fi sauƙi ga baƙo. Ƙasar tana yawan fuskantar girgizar ƙasa. Wadda ta auku ranar 6 ga Fabrairu 2023 ta hallaka mutum fiye da 50,000. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Istanbul tana da filayen jirgi biyu masu nisa da juna: babban filin da ke ɓangaren Turai, da Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya. A duba tikiti da kyau. Katin Istanbulkart yana biya wa mutum bas, jirgin ƙasa da jirgin ruwa, kuma ya fi tasi araha sosai. Darajar lira tana yawan sauyawa, don haka a riƙa canza kuɗi kaɗan-kaɗan a shagunan canji masu lasisi.

Ibada da ziyara

Galibin Turkawa mabiya mazhabar Imam Abu Hanifa ne. Wanda ya tashi a kan Malikiyya zai ga ba sa yin alƙunutu a sallar Asuba, kuma sukan jinkirta jam'inta har gari ya fara wayewa. Wutirinsu raka'a 3 ne da sallama ɗaya. Wannan saɓani ne na malamai, kuma ya halatta a bi su salla. Hukumar Diyanet ce take kula da masallatai, huɗubar Juma'a kuma da Turkanci ake yin ta. Nama galibi halal ne, amma ana sayar da giya a wasu gidajen abinci, sai a lura.

A Istanbul akwai masallacin Aya Sofiya, wanda aka mayar da shi masallaci a Yulin 2020 bayan ya daɗe yana gidan tarihi, da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6, da Sulaimaniyya wanda magini Sinan ya kammala a 1557. A unguwar Eyup ne ƙabarin sahabi Abu Ayyub Al'ansari (RA) yake. A ziyarce shi bisa sunna, da sallama da addu'a.

Abubuwan kiyayewa

Zagin Ataturk ko ɓata hotonsa laifi ne da ake ɗauri a kansa, haka nan fitar da kayan tarihi daga ƙasar. Baƙo ya riƙe fasfonsa a jikinsa, ya guji taron siyasa da ɗaukar hoton wuraren soja, kada kuma ya karɓi saƙon da bai san abin da ke ciki ba. Kafin tashi, mutum ya yi istihara, ya sauke bashin da ke kansa ko ya rubuta shi, ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya.