Busar da ganyen zogale

Busar da ganyen zogale hanya ce ta cire ruwan da ke cikin ganyen domin a adana shi har bayan damina. Zogale, wanda masana tsirrai ke kira Moringa oleifera, asalinsa daga ƙasar Indiya ne, amma ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasar Hausa. A masarautar Daura da ke Jihar Katsina, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Ɓaure, ana shuka shi a cikin gidaje da bakin lambuna, a ci shi a kwaɗo da dambu, a kuma sha garinsa don ƙara lafiya. Yadda aka busar da ganyen shi ke nuna yawan amfanin da zai rage a cikinsa.

Shanya a rana

Wannan ita ce hanya mafi sauri da sauƙi. Ana baza ganyen a tabarma ko buhu a tsakar gida, cikin kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Sai dai hasken rana da zafinta suna lalata bitamin C, da sinadarin karotin wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Alamar hakan ita ce ganyen ya koɗe, korensa ya koma ruwan ƙasa. Ƙura, ƙudaje da kaji ma suna samun damar ɓata shi.

Shanya a inuwa

A nan ana shanya ganyen a ɗaki ko rumfar da iska ke ratsawa, a baza shi ba da kauri ba, ana juya shi. Yakan ɗauki kwanaki, amma launinsa da bitamin ɗinsa sun fi tsira. Hanyar ta fi dacewa da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar Daura ta bushe ƙwarai. Da damina kuwa, wato Yuni zuwa Satumba, zogale ya fi ganye amma danshi ya yi yawa. Idan bushewa ta yi jinkiri, ganyen na iya yin fumfuna, kuma wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da gubar aflatoksin mai cutar da hanta.

Na'urar busarwa

Masu sarrafa garin zogale don sayarwa sukan yi amfani da na'ura mai aiki da lantarki ko zafin rana, wadda ke kare ganyen daga haske da ƙura. Ana so zafin ya tsaya wajen digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, domin idan ya yi yawa ganyen yakan babbake. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke yi wa irin wannan gari na cikin leda ko kwalba rajista a Najeriya.

Abin da bushewa ba ta lalatawa

Sinadarin ƙarfe da kalsiyam ba sa gushewa da zafi. Da yake kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen ganye ruwa ne, cokali ɗaya na gari ya fi cokali ɗaya na ɗanye ɗaukar su.

Kwatanci da laimar kwaɗi

Ba kowane abin shanya rana ke yi wa illa ba. Laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, tana da sinadarin ergosterol da hasken rana ke mayarwa bitamin D. Amma shanya ba ta kawar da dafin nau'o'inta masu guba.

Ajiya

Idan ganyen ya bushe har yana murmushewa a hannu, akan daka shi a turmi, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi, a ajiye nesa da haske da danshi.