Rahoton Dusar Ƙanƙara na Kullum a Dabos: Yadda Ake Haɗa Shi da Abin da Yake Nufi

Garin Dabos da ke gabashin ƙasar Suwizalan ya yi suna a duniya ne saboda taron tattalin arziƙi da shugabanni ke halarta a can a watan Janairu. Amma ga mazaunansa, abin da ake fara dubawa kowace safiya a lokacin hunturu shi ne rahoton yanayi da dusar ƙanƙara na duwatsun da suka kewaye garin. Da wannan rahoto ake yanke shawarar ko za a buɗe hanyoyin wasan zamiya a kan ƙanƙara, ko motocin igiya masu hawa dutse za su yi aiki, ko ma a rufe titi a kwashe mutane daga gidajensu.

Garin yana kan tudu mai tsawon mita 1,560 daga doron teku. Filin zamiya mafi girma a yankin, wato Parsenn, ya haura har ƙololuwar Weissfluh mai tsawon kimanin mita 2,840. Idan aka tuna cewa Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, bai wuce mita 2,419 ba, za a gane cewa mai wasa a can yana ketare yanayi iri-iri a cikin gangara guda.

Abin da ake aunawa da safe

Rahoton na kullum yakan ƙunshi zurfin dusar ƙanƙara a cikin gari da kuma a kan dutse, da adadin wadda ta zuba cikin sa'o'i 24 da suka wuce, da yanayin sanyi, da ƙarfin iska da inda ta fuskanta, da jerin hanyoyi da motocin igiya da ke buɗe, sai kuma matakin haɗarin zaftarewar dusar.

Har yanzu da hannu ake yin wani ɓangare na awon. Ma'aikaci kan je wani fili shimfiɗaɗɗe da iska ba ta cika bugawa ba, ya karanta zurfin dusar a jikin sanda mai lambobi da aka kafa a ƙasa. Sabuwar dusa kuwa a kan wani farin allo ake auna ta: a ajiye shi a saman tsohuwar dusa, washegari a auna abin da ya taru a kansa, a share, a sake ajiyewa. A filin awo na Weissfluhjoch, mai tsawon kimanin mita 2,540, tun shekarar 1936 ake wannan aiki kullum, kuma kundin bayanansa yana cikin mafiya daɗewa a irin wannan tudu a duniya. Tun daga 1996 aka fara kafa tashoshin awo masu sarrafa kansu a saman duwatsun ƙasar, waɗanda ke aiko da bayanin iska da sanyi da zurfin dusa dare da rana daga wuraren da mutum ba zai iya zuwa ba lokacin guguwa.

Zurfi kaɗai ba ya faɗin komai game da nauyi. Sabuwar dusa busasshiya iska ce mafi yawanta. Santimita 10 nata idan ta narke ba ta wuce milimita 10 na ruwa ba. Wadda ta daɗe ta danƙare, ko ta jiƙe a ƙarshen hunturu, takan ninka wannan nauyi sau huɗu ko biyar.

Game da sanyi, a bisa ƙa'ida iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a duk hawan mita 1,000, don haka ƙololuwar Weissfluh takan fi garin sanyi da kusan digiri takwas. Sai dai a daren da sama ta washe babu iska, al'amarin kan juya: iska mai sanyi ta gangaro ta kwanta a kwari, a wayi gari cikin gari ya fi kan dutse sanyi. Masu hasashe kuma sukan bayyana tsawon da sanyi ke kaiwa sifili, domin kimanin mita 300 ƙasa da wannan layi ne dusa ke fara komawa ruwan sama. Iska tana tsananta abin da jiki ke ji: sanyin digiri 10 ƙasa da sifili, idan ya haɗu da iska mai gudun kilomita 40 a sa'a, fata takan ji shi kamar digiri 21 ƙasa da sifili. Ko rana ba ta da tabbas a can, domin sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, har yakan jawo makanta ta ɗan lokaci ga wanda bai sa tabarau ba.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci

Baƙo yakan fara duba santimita nawa suka zuba. Wanda ya san dutse kuwa matakin haɗarin zaftarewa yake dubawa. Wannan lamba ba daga kamfanin da ke gudanar da filin wasan take fitowa ba; Cibiyar Binciken Dusar Ƙanƙara da Zaftarewarta, wadda aka fi sani da SLF, mai hedikwata a Dabos, ita ke fitar da ita ga ƙasar baki ɗaya. Ta karɓi wannan aiki daga hannun sojoji a 1945. A lokacin hunturu sanarwarta tana fita sau biyu a rana, ƙarfe 5 na yamma da ƙarfe 8 na safe, cikin Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da Turanci.

Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda mai matakai biyar. Mataki na 1 ƙaramin haɗari ne, launinsa kore. Na 2 matsakaici, rawaya. Na 3 mai yawa, ruwan lemo. Na 4 babba, ja. Na 5 kuma mafi tsanani, wanda ba kasafai ake ayyana shi ba. A nan ne mutane da dama ke ruɗuwa, domin suna ɗaukar 3 a matsayin tsaka-tsaki. Alƙaluman cibiyar sun nuna cewa kusan rabin waɗanda zaftarewa ke kashewa a ranakun mataki na 3 suke mutuwa, kimanin kashi 30 cikin 100 kuma a ranakun mataki na 2. A mataki na 4 da na 5 tsoro kan zaunar da mutane a gida, hukumomi kuma su rufe hanyoyi. A mataki na 3 rana na iya haskawa, sabuwar dusa na ɗaukar ido, alhali nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle gangara. Daga wannan mataki ne ake kunna fitilun gargaɗi a tashoshin motocin igiya.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafa. Dusar da ke kan dutse hawa-hawa take, kowace zuba da nata shimfiɗa. Idan aka yi kwanaki ana tsananin sanyi sama a washe, ƙwayoyin da ke sama ko kusa da ƙasa sukan rikiɗe su zama garas-garas kamar sukari, ba sa manne wa juna. Sabuwar dusa ta zo ta rufe su, iska ta danƙare ta ta zama faifai guda. Da zarar wani abu ya fasa wannan shimfiɗa mai rauni, tsagar takan bazu cikin daƙiƙu, faifan ya sulale gaba ɗaya. Irin wannan rauni yana iya ɓoyewa makonni, kuma yankunan tsakiyar tsaunukan Alps irin su Dabos, inda dusa ba ta kai ta gefen arewa kauri ba, sun fi fama da shi. Shi ya sa masu sa ido ke haƙa rami a cikin dusar har ƙasa, su duba kowace shimfiɗa da madubin ƙara girma, su gwada taurinta da hannu.

Iska na iya haddasa haɗari ko da ba a yi sabuwar zuba ba, domin tana kwasar dusa daga gefen da take bugawa ta jibge ta a bayan tudu. Idan iska ta yi ƙarfi kuma ƙasan bai da kyau, santimita 10 zuwa 20 na sabuwar dusa sun isa su tayar da hankali. Idan komai ya daidaita, sai ta kai 30 zuwa 50. Akasarin zaftarewa tana ɓallewa ne a gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45, don haka sanarwar takan fayyace tsawon da haɗarin ya fara da kuma fuskar dutsen da abin ya fi shafa, arewa ko gabas ko kudu.

Kafin a buɗe hanya

Da asuba, bayan daren da aka yi zuba, ma'aikatan tsaron filin sukan tayar da nakiyoyi a gangarorin da ke saman hanyoyin wasa domin su zubo da dusar da gangan tun babu kowa. Sai sun gamsu ake buɗe hanya. Alhakin kamfani ya tsaya ne a kan hanyoyin da aka yi wa alama, shuɗi ga masu koyo, ja ga matsakaita, baƙi ga ƙwararru. Wanda ya tsallake sandunan iyaka ya ɗauki nauyin kansa, kuma a irin waɗannan wurare ne kusan dukkan mace-macen yau ke aukuwa, galibi wanda abin ya rutsa da shi ko abokin tafiyarsa ne ke ɓalle dusar.

A ranar 10 ga Maris 1988, zaftarewa ta auka wa tawagar Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, a wajen hanya a dutsen Gotschna da ke saman Klosters, maƙwabciyar Dabos. Yariman ya tsira, amma abokinsa Manjo Hugh Lindsay ya rasu. Ko hanyar da aka buɗe ba ta kuɓuta ɗari bisa ɗari ba: a Fabrairun 2019 dusa ta zubo kan wata hanya a Crans-Montana ta kashe ma'aikacin ceto guda.

Wanda dusa ta binne gaba ɗaya, idan aka tono shi cikin minti 15, fiye da tara cikin goma suna rayuwa. Bayan kimanin minti 35 adadin ya faɗi zuwa kusan uku cikin goma, saboda shaƙewa. Jirgin ceto mai saukar ungulu ba ya cika isowa cikin wannan lokaci, don haka ake buƙatar duk mai fita wajen hanya ya riƙe na'urar gano wanda aka binne, da sandar bincike, da shebur.

Tsarin gargaɗin ya ginu ne a kan asara. A hunturun 1950 zuwa 1951 zaftarewa ta kashe mutum 98 a Suwizalan, yawancinsu a cikin gidajensu, abin da ya sa aka faɗaɗa tashoshin awo aka kuma kafa shingayen ƙarfe a saman ƙauyuka. A 1999 an sake samun zuba mai kama da waccan. Mutum 17 suka mutu a ƙasar, yayin da a ƙauyen Galtür na Ostiriya mutum 31 suka halaka a rana guda. A Janairun 2018, ana dab da buɗe taron tattalin arziƙi, an ayyana mataki na 5 a wasu sassan ƙasar, zirga-zirga ta tsaya cik a hanyar Dabos, aka kuma kwashe mazauna wasu gidaje.

Ƙura daga Sahara da dusar inji

Wani lokaci rahoton kan ambaci baƙuwar da masu karatu a nan suka sani sarai. Iskar kudu tana ɗauko ƙurar Sahara ta tsallake Bahar Rum da ita, kamar yadda ta faru a Fabrairun 2021 lokacin da duwatsun suka koma ruwan ƙasa-ƙasa. Dusar da ƙura ta dusashe ta fi shan zafin rana, don haka ta fi saurin narkewa. Haka ma iskar Föhn, mai ɗumi da bushewa, wadda ke gangarowa daga kan duwatsu ta cinye dusar kwari cikin kwana ɗaya ko biyu.

Lokacin dusar kansa yana gajarcewa. Wani nazari a kan tashoshi 11 na ƙasar ya nuna cewa tsakanin 1970 da 2015 dusa ta koma fara kwanciya a makare da kimanin kwana 12, tana kuma ɓacewa da wuri da kimanin kwana 26. Fiye da rabin hanyoyin zamiya na Suwizalan yanzu suna da injinan feso dusa, amma su ma sai sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili suke aiki. Dabos ta ƙara da wata dabara tun 2008: a tara tudun dusa a kwarin Flüela a ƙarshen hunturu, a lulluɓe shi da garin katako mai kauri, ya shafe watannin zafi a haka. Kimanin kashi uku cikin huɗu kan tsira, a shimfiɗa shi a ƙarshen Oktoba a matsayin hanyar tsere mai tsawon kilomita huɗu, tun kafin dusar sama ta fara kwanciya a gari.