Matsalar Magana da Fahimta a Yaran da Aka Haifa Uwa na Ɗauke da HIV

Idan mai juna biyu tana shan maganin HIV yadda ya kamata, yawanci jaririnta ba ya kamuwa da cutar. Sai dai kulawa ba ta ƙarewa ranar da gwaji ya nuna yaro ba ya ɗauke da ita. Wasu daga cikin waɗannan yara kan yi jinkirin buɗe baki, ko su taso da wahalar fahimtar magana.

Me bincike ya nuna?

A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012, kan yara 'yan shekara 7 zuwa 16 da aka haifa iyayensu mata na da HIV, kusan kashi 35 cikin 100 suna da wahalar fahimtar magana ko bayyana abin da ke ransu. An ga matsalar a waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba. A Afirka ta Kudu ma, binciken Drakenstein na 2019 ya gano jinkirin magana a wasu 'yan shekara 2 da ba su kamu ba.

Me ke jawo ta?

Ga yaron da ya kamu, ƙwayar cutar tana iya taɓa ƙwaƙwalwa idan magani ya makara. Ciwon kunne mai fitar da ruwa yana rage ji, kuma yaron da ba ya ji sosai ba ya koyon magana da kyau. Haihuwar bakwaini, tamowa, sanƙarau da doguwar jinyar uwa su ma suna taka rawa.

Alamomin lura

- Shekara 1: ba ya gwaranci, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa.
- Wata 18: bai fara faɗin kalma ko ɗaya ba.
- Shekara 2: ba ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni".
- Ɗan makaranta ko matashi: a aike shi abu biyu ya kawo ɗaya, ya kasa ba da labari a jere, karatu ya yi masa nauyi a boko ko allo.

Irin wannan yaro sau da yawa ana ce masa daƙiƙi ko mai taurin kai, har a doke shi. Matashin da ba ya gane bayanin likita kuwa yana iya kuskuren shan maganinsa.

Me za ku yi?

Ku kai shi asibiti, ku nemi a fara duba kunnensa. A Ɗambatta ana iya farawa da Babban Asibitin garin, in da buƙata a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada a kai shi wurin wanzami yankan linzami.

Ku cika gwajin jariri na mako 6 da na wata 18. Uwa kada ta daina maganinta saboda tsoron jinkirin magana, domin shi ne kariyar jaririn.

A gida ku riƙa yi masa hira, tatsuniya da kacici-kacici. Ku ba da umarni ɗaya-ɗaya, ku sa ya maimaita. Kuna iya gaya wa malaminsa cewa yana buƙatar bayani a hankali, ba sai kun ambaci HIV ba. Yaron da aka gano matsalarsa da wuri ya fi samun ci gaba.